Me ya sa agogo ba ya zama a fuskar rediyon mota, kuma yaya ake zaunar da shi?

Rediyon da ke iya nuna taswirar hanya daga Kano zuwa Legas, ya kunna bidiyo, ya karɓi kiran waya, me zai hana shi nuna ƙarfe nawa a ɗan lungu ɗaya na fuskarsa ba tare da agogon ya ɓace ba? Tambayar ta yawaita a bakin direbobi tun da rediyon Android mai faffaɗar fuska ya fara maye gurbin wanda mota ke zuwa da shi. Mutum ya biya kuɗi mai kauri an ɗaura masa sabon kaya, ya hau titi, ya saka karatu ko waƙa, sai ya nemi agogo ya rasa. Wani nasa agogon yana nan, amma kullum da safe sai ya tarar da shi a 12:00. Wani kuma nasa bai kuskure ko minti ɗaya ba, sai dai ya yi gaba da awa bakwai cur.

Dukansu za su je wurin mai wayarin su ce agogon rediyo ya lalace, alhali cuta uku ce daban-daban. Ta farko ta fuska ce: wa ke da ikon zane a kanta. Ta biyu ta wuta ce: me ke riƙe lokaci idan an zare makulli. Ta uku ta asalin lokacin ce: daga ina rediyon ke samunsa. Wanda bai rarrabe su ba zai sayi maganin wata ya shafa wa wata.

Yadda agogon ya ɓata tun farko

A wasu motocin agogo yana zaman kansa a dashbod, babu ruwansa da rediyo. A wasu kuwa, irin Honda Accord ta 2003 zuwa 2007, agogon yana haɗe da rediyo, kuma da maɓallan rediyon ake saita shi. Haka wasu Peugeot irin 307 da 407: ƙaramar fuskar da ke saman dashbod ce ke nuna lokaci, amma maɓallin rediyo ne ke shiga saitinta. Ranar da aka cire rediyon asali, ko dai agogon ya tafi tare da shi, ko ya rage a wurin babu mai iya gyara shi, sai in an sa ɗan akwatin CAN da ke fassara tsakanin sabon rediyo da kwamfutar motar.

Shi sabon rediyon yana da agogonsa a zirin da ke saman fuska, inda alamar WiFi da Bluetooth suke. Matsalar ita ce tun daga Android 4.4, wanda ya fito a 2013, an bai wa kowace manhaja damar ɓoye wannan ziri ta mamaye fuska gaba ɗaya. Manhajojin bidiyo da na waƙa da yawa haka suke yi. Agogon bai lalace ba, rufe shi aka yi. Idan ka ja yatsa daga saman fuska zuwa ƙasa zai leƙo na ɗan lokaci ya sake komawa.

Wa ke da fuskar?

Hoton da ido ke gani a fuska ba shimfiɗa ɗaya ba ce. Akwai ta manhajar da ke aiki, akwai ta tsarin Android a samanta, akwai kuma sanarwa da ke faɗowa a kan su duka. Kafin agogo ya zauna dindindin, dole ɗayan biyu: ko manhajar da ke aiki ta ware masa wuri, ko wani da ke sama da ita ya zana shi a kanta duk lokacin da ta sabunta hoto.

Wannan ba sabuwar rigima ba ce. A 1999 wani ƙaramin kamfani a Cambridge ta Ingila ya fitar da empeg car, rediyon mota mai faifan ajiya a ciki wanda ke aiki da Linux. Daga baya wani kamfani mai suna SONICblue ya sayi kamfanin a 2000 ya riƙa sayar da rediyon da sunan Rio Car, kafin a daina ƙera shi a 2001. Fuskarsa ɗigo 128 ne a faɗi, 32 a tsayi. A lissafa: rubuta 12:45 da ƙananan lambobi yana cin gurbi biyar, kowanne ɗigo shida har da tazara, wato ɗigo 30 a faɗi da kusan 8 a tsayi. Kusan rubu'in faɗin layi ke nan, a fuskar da sunan waƙa ma da ƙyar yake shiga. Ga shi manhajar kunna waƙar a kulle take, masu rediyon ba su da ikon taɓa ta. Abin da ke buɗe shi ne zuciyar Linux da ke ƙarƙashinta, wato tushen tsarin da ke haɗa manhaja da sassan na'urar. Ta nan wani masanin Linux, Mark Lord, ya bi ya rubuta gyararriyar zuciya mai suna Hijack, wadda ke tsayawa tsakanin manhajar da fuskar, ta ɗora nata rubutun a kan hoton kafin ya fito, kamar gargaɗin zafi da ma'aunin ƙidayar lokaci. Dabarar da agogo mai shawagi, wato wanda ke zama a kan kowace manhaja, ke amfani da ita a Android yau ita ce wannan, kuma illarta ma ba ta canza ba: wanda ke zane daga sama bai san abin da yake rufewa a ƙasa ba.

Rediyo mai maɓalli

Masu ƙaramin rediyo mai layi ɗaya ko biyu, irin Pioneer, Sony, JVC da Kenwood mai tsayin milimita 50, nasu da sauƙi amma zaɓinsu kaɗan ne. Akwai maɓallin da aka rubuta wa DISP ko DSPL. Kowane danni yana juya abin da ake nunawa: sunan waƙa, mai waƙa, mintunan da aka ci, agogo. Ka tsayar da shi a kan agogo. A rediyo da yawa kowane mashigi yana riƙe nasa zaɓin, don haka sai ka maimaita a FM, ka maimaita a USB, ka maimaita a Bluetooth. A layi ɗaya kuwa babu yadda za a yi: in agogo ya zauna, sunan waƙa ya tashi.

Abu biyu ake mantawa. Na farko DEMO, tallan da rediyo ke yi wa kansa a shago. Muddin ba a kashe shi a saiti ba, da an ɗan bar maɓallai zai kori agogo ya dawo da walƙiyarsa. Na biyu, nuna agogo bayan an kashe rediyo saiti ne daban, wanda a JVC da Kenwood ake samu da sunan CLOCK DISPLAY. Idan rediyonka ba shi da waɗannan, ba a ƙara masa su. Manhajarsa a kulle take cikin guntun kwamfutarsa, babu ƙofar shiga.

Rediyon Android: matakan aiki

Kafin a sauke komai, a duba saitin manhajar waƙar kanta. Da yawa suna da zaɓin cika fuska da za a iya kashewa, zirin sama ya dawo da agogonsa, magana ta ƙare. Haka kuma wasu manhajojin fuskar gida suna raba fuska gida biyu ko uku su bar agogo a gefe, sai dai wannan yana aiki ne kawai muddin kana kan fuskar gidan.

In hakan bai wadatar ba, sai agogo mai shawagi. Ana samun manhajojinsa a Play Store, kuma aikinsu ya dogara da izini guda. A menu na Turanci, ka shiga Settings, sannan Apps, sannan Special app access, sannan Display over other apps, ka kunna wa manhajar. A kula da abin da take nema bayan wannan. Agogo ba shi da hulɗa da lambobin wayarka, ko saƙonninka, ko makirfo. Wadda ta nemi waɗannan a goge ta. Izinin zane a kan sauran manhajoji shi ne dai wanda 'yan damfara ke so, domin da shi ake ɗora maɓallin ƙarya a kan na gaskiya.

Sai wurin zama. Tsakiyar saman fuska ya fi aminci a yawancin rediyo, saboda kusurwoyi na maɓallan komawa baya da na gida ne, taswira kuma tana sa kibiyar kwana a saman hagu. A kunna zaɓin da ke barin yatsa ya ratsa agogon ya taɓa abin da ke ƙarƙashinsa. A nan akwai tarko: daga Android 12, tsarin yana toshe irin wannan taɓi idan duhun tagar da ke shawagi ya wuce kashi 80 cikin 100. Sai mutum ya yi ta danna maɓallin da ke ƙarƙashin agogo bai amsa ba, ya ɗauka fuskar ce ta mutu. A rage duhun zuwa 70 ko 80, ya warware. Kada kuma a dogara da lambar Android da aka rubuta a kwali, domin rediyo marasa suna da yawa suna ƙara wa kansu shekaru. Manhajar duba bayanan na'ura za ta nuna matakin API, wato lambar cikin gida ta kowane zubin Android: 27 Android 8.1 ne, 28 shi ne 9, 29 shi ne 10, 31 shi ne 12, 33 shi ne 13. Wannan lambar ta fi ta kwali gaskiya.

Inda gizo ke saƙar shi ne bayan an kashe mota. Yawancin waɗannan rediyo ba sa mutuwa gaba ɗaya idan an zare makulli, barci suke yi domin su farka cikin daƙiƙa biyu ko uku. Kafin su kwanta sukan kashe manhajojin da ba na gida ba. Ita kuma manhajar agogo tana jiran sanarwar da Android ke bayarwa idan ya tashi daga farko, wadda ba ta zuwa a farkawa daga barci. Sakamakon yana da ban haushi: idan rediyon ya yi cikakken tashi agogo ya fito, idan ka tsaya shan mai ka dawo babu shi. Gyaransa shi ne a nemi jerin manhajojin da rediyon ke tayarwa da kansa, ko jerin waɗanda ba ya kashewa lokacin barci, a sa ta a ciki, sannan a cire ta daga tsarin tattalin batir na Android. A wasu rediyon wannan jerin yana cikin saitin masana'anta mai lambar sirri. A karɓi lambar daga wanda ya sayar da kayan, a ɗauki hoton kowane shafi kafin a taɓa komai, domin a can ne saitin akwatin CAN da na maɓallan sitiyari suke.

Akwai masu ba da shawarar a sake wa rediyon manhajar ciki gaba ɗaya don a sami zirin sama mara ɓoyewa. Saboda agogo kaɗai, wannan garin neman gira ne a rasa ido. Rediyo biyu masu kwali iri ɗaya suna iya bambanta a allon ciki, kuma manhajar da ba ta dace ba tana iya kashe taɓin fuska, ko sauti, ko rediyon ɗungurungum.

Wanda ke amfani da CarPlay ko Android Auto, tsarin da ke nuna manhajojin waya a fuskar rediyo, agogon da ke gefen fuska daga wayarsa yake zuwa, kuma manhajar agogo da ke kan waya ba ta da ikon zane a can. Shi ya sa akan ga agogo biyu a mota ɗaya suna saɓa wa juna: ɗaya na waya, ɗaya na rediyo.

A ƙarshe a gwada abu huɗu motar tana tsaye: a sa ribas a ga ko agogon ya hau kan hoton kyamara, a kira wayar a ga ko ya rufe maɓallin amsawa, a kunna fitilu a ga haskensa, a kashe mota minti biyar a sake kunnawa.

Ja da rawaya

Agogon da ke komawa 12:00, tare da tashoshin da aka ajiye suna gogewa, kusan kullum aikin waya ne. Rediyon mota yana shan wuta ta hanya biyu. Rawayar waya tana zuwa daga batir, da wuta a jikinta dare da rana, ita ke riƙe ƙwaƙwalwa da agogo. Jar waya tana samun wuta ne kawai idan an murɗa makulli, ita ke gaya wa rediyo ya tashi ko ya kwanta. Baƙa ta bodi ce. Mai ruwan lemo, wani lokaci da farin layi, tana jin an kunna fitilu ta rage hasken fuska.

A soket ɗin ISO, wato mahaɗin rediyo na bai-ɗaya na motocin Turai, rawaya tana shiga rami na A4, ja tana shiga A7. Amma motoci da yawa na Volkswagen, Audi da Opel sun juya waɗannan biyun. Ganin yadda Golf da Sharon da Vectra suka cika tashoshin motarmu, ba abin mamaki ba ne wannan cuta ta zama ruwan dare. Rediyon zai kunna, zai yi waƙa lafiya lau, don haka mai ɗaurawa ya karɓi kuɗinsa ya sallame ka, sai washegari a gane. Wayoyin haɗi da yawa suna zuwa da mahaɗa a tsakiyar ja da rawaya musamman don wannan: a zare, a musanya, a mayar.

Gwajin minti biyu ne da mitar gwada wuta. Makulli a zare: rawaya ta nuna kusan volt 12.4 zuwa 12.6, ja ta nuna sifiri. Makulli a matakin farko: dukansu su nuna wuta. Inji na aiki: tsakanin 13.5 da 14.5. Idan rawaya ba ta da komai, a duba fis ɗin da ke jikinta ko bayan rediyon, da na akwatin fis mai kula da ƙwaƙwalwar rediyo da fitilar ɗaki.

Idan wayoyin suna daidai amma agogo yana gogewa daidai lokacin tayar da inji, batir ne ya raunana ko kan batir ya yi sako-sako. Kik yana jan wuta mai yawa, ƙarfin ya faɗi ƙasa da volt 9 ko 10 na ɗan ƙiftawa, rediyo ya ɗauka an cire shi. Haɗin da aka murɗe da hannu aka naɗe da baƙin salatif ma yana yin haka idan mota ta faɗa rami. A yi masa dalma ko a matse shi da mahaɗi. Wanda kuma ya saba cire kan batir da dare, to ya san shi ke goge agogonsa da hannunsa, sai in rediyon yana da hanyar ɗauko lokaci daga waje.

"Kullum" har da mota a kashe?

Wasu abin da suke so shi ne su leƙa ta gilashi su ga lokaci ko babu makulli. Hanyar da akan bi ita ce a haɗe ja da rawaya a kai su batir kai tsaye. Agogo zai zauna, amma rediyon ba zai sake barci ba. Rediyon Android da fuskarsa a kunne yana jan kusan amfiya ɗaya ko fiye ko da ba ya waƙa. Amfiya ɗaya sau awa 24 ya cinye amfiya-awa 24 daga batir mai amfiya-awa 60. Kwana biyu a ajiye, sai turi. Abin da aka saba ɗauka lafiya ga mota gaba ɗayanta idan tana kashe shi ne ƙasa da miliamfiya 50. Ana auna shi da mita a ma'aunin amfiya 10, a jera ta tsakanin kan batir na negetif da wayarsa, ƙofofi a rufe, a jira minti 20 zuwa 30 kwamfutocin motar su kwanta. Kada a kuskura a yi kik mita tana haɗe, fis ɗinta zai ƙone nan take.

Akasin haka, wato haɗe su biyun a kai su wayar makulli, yana kare batir amma rediyon zai riƙa farawa daga sifiri kowace tafiya.

Daga ina lokacin ke zuwa?

A cikin rediyo akwai ɗan ƙanƙanin kiristal mai kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa. An zaɓi lambar ne don idan aka raba ta biyu sau 15 sai ta koma ɗaya daidai. Kuskuren kashi 20 cikin miliyan, wanda aka saba da shi a irin wannan kiristal, yana zama daƙiƙa 1.7 a rana, kusan minti guda a wata. Wannan a ma'aunin zafi 25 na Celsius ke nan. Da zafi ya ƙaru ko ya ragu, kiristal ɗin yana rage gudu, kuma ragin yana ninkuwa da nisan da aka yi daga 25. A ma'auni 60 ƙarin jinkirin ya kai kimanin daƙiƙa uku da rabi a rana, a 70 kusan shida. Dashbod ɗin motar da ta wuni a rana a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu ba baƙon irin wannan zafi ba ne. Don haka agogon da ke ja da baya da minti ɗaya ko biyu a wata ba lalacewa ya yi ba, halinsa ne. Mai dogara da shi wajen shan ruwa da azumi ya riƙa daidaita shi da waya.

Hanya ta biyu ita ce tashar FM. A tsarin RDS tasha tana iya aiko da kwanan wata da lokaci sau ɗaya kowane minti, rediyo ya gyara kansa. Sony na kiran saitin CT, JVC na kiransa CLOCK SYNC. Kyansa ya dogara da kwamfutar tashar. Idan agogonta ya karkace, duk motar da ta kama tashar ta karkace tare da ita. Alamar ita ce agogo ya yi tsalle bayan ka sauya tasha. Kashe saitin ya fi zama lafiya.

Hanya ta uku tauraron ɗan'adam na GPS, ta huɗu intanet. Su ne mafi inganci, amma abin da suke bayarwa lokacin duniya ne na bai-ɗaya, rediyon ne ke ƙara awannin shiyya da kansa. Rediyon da ya fito daga Sin yakan zo da shiyyar GMT+8. Najeriya tana GMT+1. Ga awa bakwai ɗin nan: sha biyun rana a Kano, fuska ta nuna bakwai na yamma. Idan aka gyara awar da hannu ba a taɓa shiyyar ba, da eriya ta kama tauraro sai ya koma gidan jiya. Daidai shi ne a kashe zaɓin shiyya ta atomatik in babu layin waya a rediyon, a zaɓi Legas. Yamai, Duwala da Njamena duk awa ɗaya suke da Legas. Akara tana GMT+0, Khartum tana GMT+2 tun Nuwamban 2017. Kada a zaɓi Paris ko Berlin don an ga +1 a gabansu: ranar Lahadin ƙarshe ta Maris za su ƙara awa guda. Landan kuma a bazararsu tana daidai da mu, ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba ta koma baya. Motocin da aka shigo da su daga Amurka ma suna da saitin sauyin awa na bazara, a nemo shi a kashe.

GPS ɗin ma yana da nasa aibi. Yana ƙidaya makonni ne tun daga 6 ga Janairun 1980, kuma tsohon ma'aunin yana cika a mako 1,024, kusan shekara 19 da wata bakwai, ya koma sifiri. Ya faru a Agustan 1999, ya sake faruwa a Afrilun 2019. Ranar 1 ga Janairun 2022 masu tsofaffin Honda da Acura masu taswira suka wayi gari fuskarsu na nuna shekarar 2002 da awar da ba daidai ba, kuma ta ƙi gyaruwa da hannu. Masana sun danganta abin da wannan ƙidayar makonni, kuma sai a Agustan shekarar awar ta dawo daidai. Babu wayar da mai wayarin zai sauya ta magance irin wannan.

Kwanan wata mara kyau yana da wata illar da ba a cika alaƙanta ta da agogo ba. Idan rediyon Android ya koma wata tsohuwar shekara, YouTube da Play Store da taswira sukan ƙi buɗewa ko da akwai data, saboda takardun tsaron shafuka suna da ranar farawa da ta ƙarewa. Kafin a zargi kamfanin layi, a duba shekarar.

Masu so da masu ƙi

Hujjar masu so tana da ƙarfi. Direban da bai ga lokaci a gabansa ba zai laluba aljihu ya ciro waya, ko ya saki sitiyari ya ja fuska da yatsa. Ƙa'idar da hukumar kiyaye haɗurran tituna ta Amurka, NHTSA, ta fitar a 2013 ta ce kada kallo ɗaya ya ɗauke ido daga titi fiye da daƙiƙa biyu, kada jimillar aiki ɗaya ta wuce daƙiƙa 12. A gudun kilomita 100 cikin awa, daƙiƙa biyu mita 55 ce da 'yan kai. Agogon da ke wuri ɗaya kullum, ido ya san inda zai same shi.

Masu ƙi suna cewa duk abin da aka ƙara a fuska yana rufe wani abu, kuma yana jan ido. Suna da gaskiya idan an yi shi ba bisa tsari ba. Agogo mai nuna daƙiƙoƙi, ko mai ɗigo biyu masu ƙyaftawa, motsi ne a gefen ido wanda ba ya ƙarewa. A bar awa da minti kawai. Girma kuma yana da ma'auni: daga nisan santimita 70, harafin da ya kai milimita 4 a tsayi yana karantuwa, amma ga agogon da ake so a ɗauka da kallo guda a kan titi mai gargada, milimita 6 zuwa 8 ya fi. A fuska mai inci 7 da ɗigo 1024 a 600, milimita ɗaya kusan ɗigo bakwai ce, wato lambobi masu tsayin ɗigo 40 zuwa 55. Farin rubutu a kan baƙin gurbi mai ɗan ratsawa ya fi karantuwa, domin farin rubutu tsirara yana nutsewa a farar taswira. Da dare kuma, idan ba a haɗa wayar ruwan lemo ba, fuskar za ta ci gaba da hasken rana tana dukan ido.

Batun tabon fuska ya danganta da irinta. Fuskar OLED da tsohuwar fuska mai kyalli irin ta empeg suna tsufa ne ɗigo-ɗigo, wanda ya fi kunnuwa ya fi saurin dushewa, don haka lambar da ta shekara a wuri ɗaya tana barin inuwa. Ga su, a kunna zaɓin da ke ɗan gusa agogon lokaci-lokaci. Yawancin rediyon Android LCD ne, inuwar da yake riƙewa takan goge da kanta.

Agogo na daban

Ga mai ƙaramin rediyo mara saitin agogo, ko mai tsohuwar taswirar da ta rikice, ko mai cire kan batir kowane dare, mafita mafi araha ba ta cikin rediyon ma. Ƙaramin agogon dashbod mai batirin maɓalli babu ruwansa da ja da rawaya. Rauninsa zafi ne: fuskar LCD mai arha tana baƙi idan rana ta gasa ta, gam ɗin bayanta ya narke. A manna shi ƙasa da inda rana ke sauka, kusa da giya ko gefen mitar gudu, ba a kan murfin jakar iska ba.

Wanda ke da hannu a aikin lantarki zai iya haɗa wanda ya fi na kasuwa. Guntun agogo mai suna DS3231 yana auna zafi ya gyara gudun kiristal ɗinsa da kansa, kuskurensa bai wuce kashi biyu cikin miliyan ba tsakanin ma'auni 0 da 40, kusan minti ɗaya a shekara. A haɗa shi da ƙaramin allon kwamfuta na Arduino da fuska mai lambobi huɗu, a ɗauko wuta daga jar waya ta hanyar fis na amfiya ɗaya da mai rage wuta zuwa volt 5, batirin CR2032 ya riƙe lokaci idan an kashe mota. Abin lura ɗaya: allunan DS3231 masu arha da yawa suna da hanyar cajin batir a jikinsu, ita kuwa CR2032 ba a cajinta. A cire ɗan diyod ko resistan da ke wannan hanya kafin a saka ta, in ba haka ba batirin yana iya kumbura a cikin dashbod.